Gurbin da Umma Take Bari a Waƙa

Unguwar Sarkin Yara,
Daura.
22 ga Agusta, 2003.

Zuwa ga Inna Hasana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Inna, tun kafin gaisuwa ina neman afuwarki, domin na san ba tarbiyya ba ce yarinya ta ɗauki biro ta rubuta wa babba takarda ba a aike ta ba, balle babbar da ba ta taɓa gani ba. Sunana Fadila, ni ce ta biyu a ɗakin 'yar'uwarki wadda kuka zo duniya rana ɗaya. Ba ki san ni ba, don sai bayan tafiyarki Agadas da shekara biyu aka haife ni. Ina aji biyar a makarantar 'yan mata ta kwana, yanzu muna dogon hutu. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Idan 'yarki Nana ce za ta karanta miki, ina roƙonta ta karanta a hankali, kuma ku biyu kaɗai.

Ina fatan kina lafiya, ke da Baba Munzali da Nana da Anwar, waɗanda sunayensu kawai na sani. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa zaman baƙunta ya zame muku alheri. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, sai dai ruwan makon jiya ya kayar mana da katangar bayan gida, Yaya Sabiru ne yake ta fama da ita shi da laka. Autarmu Yasmin ta kai izu goma. Baba yana nan yana koyarwa a Islamiyya da safe, da yamma ya leƙa gona. Maganar Umma kuwa ita ce dalilin takardar, zan zo kanta, amma sai na fara da abin da ya faru mako uku da suka wuce.

Maƙwabciyarmu Zubaida ce ta haihu, aka yi suna ranar Asabar. Ban sani ba ko labari ya kai muku, tun da aka fara shari'a yawancin gidajen unguwarmu sun daina kiran masu kiɗa wajen suna. Walima ake yi, a yi wa'azi da hantsi, a ci abinci, a watse. Ba ƙorafi nake yi ba, Baba ya ce haka ya fi, ni ma ban san wani abu daban ba. To da yake mata sun taru kuma yinin yana da tsawo, bayan azahar sai maigidan ya sa aka tayar da janareto, aka fito da talabijin rumfa, aka sa mana kaset ɗin wani fim. Mun kai mu talatin, manya a kan tabarmi, mu 'yan mata a tsaye ta baya.

Labarin wa da ƙani ne, 'ya'yan wani makaɗi. Wan Allah ya ba shi murya, irin wadda in ya buɗe baki mai talla take sauke tirenta ta tsaya. Ƙanin kuwa muryarsa ba ta wuce ƙofar ɗaki, amma shi ke tsara waƙoƙin, shi ke kaɗa gurmi, shi ke yi wa wansa amshi. Da suka fara suna sai aka riƙa kiran wan birni shi kaɗai, aka haɗa shi da wasu 'yan amshi, ƙanin ya koma gida ya rataye gurminsa.

Inna, rabin fim ɗin ban ji shi ba saboda gardama. Murja mai kitso ta ce ƙanin hassada ce kawai ke cin sa, baiwa ai murya ce, wanda bai da ita ya je ya sayar da gyaɗa ya bar mutane su huta. Iya Shatu, tsohuwar nan ta bayan masallaci, wadda na san kin san ta, ta ce in dai ƙarfin murya ne baiwa, to ita Murja da tuni an kai ta gidan rediyo, tunda in ta kira ɗanta awakin unguwa uku ke dawowa gida. Aka yi ta dariya, har Murja ta ce Iya ta bari ta zo kitso, za ta gane kurenta. Wata ta ce laifin uban ne da bai raba musu sana'a tun farko ba. Wata ta ce ƙani ai ƙani ne, haƙuri ya kamace shi. Malama Hadijatu da ta yi mana wa'azi da safe ta ce ita ba za ta kalla ba, ta juya gefe da carbinta, ta ce da karatu aka sa su, da ba a zo nan ba. Amma da wani jariri ya yi kuka aka rasa jin abin da ƙanin ya faɗa wa mahaifiyarsu, ita ce ta ce a ɗan mayar da kaset ɗin baya. Ƙawayena kuwa shaddar wan kawai suke yabawa. Mai jego ma daga cikin ɗaki tana aikowa a rage sauti, tana kuma tambaya ko sun shirya.

Ba su shirya ba. Ƙanin ya yi jinya ya rasu, ba a samu wan ba sai bayan an binne shi. Can ƙarshe aka nuna shi gaban taro, ya ɗauko wata tsohuwar waƙarsu, ya ba da baitin farko, sai ya juya kafaɗarsa ta hagu yana jiran amshi kamar yadda ya saba. Masu fim ɗin suka ɗauke duk wani sauti. Shirun ya yi tsawo har wata ta ce ko janareto ne, alhali hoton yana motsi. Ba mai tari, ba mai gyara zama.

Umma ba ta cikin masu kallo. Tana bakin rumfa ta ba talabijin baya, tana tsintar shinkafar tuwon yamma a faifai. A cikin shirun nan sai muka ji muryarta, ƙasa-ƙasa, ta rera cewa taho, rana ba ta faɗi ba. Ba waƙar fim ɗin ba ce, ko kama ba su yi ba. Amma ta faɗa daidai gurbin, kamar ita mutumin yake jira. Na ga hannun Iya Shatu ya sauka kan wani kwano da ke kife kusa da ita, ya buga sau uku, sannan ta riƙe shi da ɗaya hannun. Umma ta ɗago ta dube mu kamar wadda aka tasa daga barci. Ta ajiye faifan, ta ja mayafinta ta fita, ko takalmi ba ta sa ba. Ba wadda ta ƙara cewa komai a kan wa ko ƙani. Malama Hadijatu tana share ido da bakin hijabinta. Murja da ta fi kowa baki, ita ta ɗauki takalman Umma ta kawo har gida, ta ajiye a ƙofar ɗaki ta juya ba ta ko yi sallama ba.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi, Inna, shi ne na san waɗannan kalmomi tun ban san kaina ba. Umma tana rera su in tana tsintar shinkafa ko tankaɗe, in ta ɗauka ba kowa kusa. Sai ta rera, ta yi shiru, ta sake rerawa, ta yi shiru. Ni da Yasmin mun ɗauka haka waƙar take, har muna ce mata waƙar jira. Ban taɓa sanin amshi ne ba. Ban taɓa sanin shirun nan wurin wani mutum ne ba sai da na ga mutumin fim ɗin ya juya kafaɗa. Na tuna ina shekara shida na taɓa sa murya a cikin shirun, ba kalmomi, wasa kawai irin na yara. Umma ta saki ludayin da ke hannunta ta juyo ta dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na ji tsoro, ta ce kada in sake. Ba ta dake ni ba. Amma daga ranar ban ƙara waƙa ba, ko a makaranta in ana taken safe baki kawai nake motsawa.

Washegarin sunan na kai wa Iya Shatu kunu, na durƙusa na tambaye ta. Ta ce duk ranar da na yi mata sallama daga zaure gabanta sai ya faɗi, don muryarki take ji. Sannan ta ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba a gidanmu. Ta ce ku biyu tun kuna 'yan mata a dandali kuke waƙa, har bayan aurenku kuna zuwa taron mata, ita ce mai kaɗa muku babbar ƙwarya, wadda ake kifawa a daron ruwa. Ta ce daga nan har Mashi ba sunan da ake ji ya cika in ba a kira tagwaye ba. Ke ce mai ba da waƙa, Umma mai amshi. Ta ce abin da mutane ba su sani ba, duk waƙoƙin Umma ce take tsara su a kan dutsen niƙa, ta koya miki, ke kuma ki sa musu rai. Ta ce ba ki taɓa ɓoye hakan ba, mutane ne ba su taɓa tambaya ba.

Ta ce shekara ashirin ke nan, aka kira ku wani biki a garin Babban Mutum. Umma ta tsara sabuwar waƙa, wannan ta rana ba ta faɗi ba, ta roƙe ki sau ɗaya ki bar ta ta bayar, ke ki yi amshi, kuma kika yarda da zuciya ɗaya. Tana goye da Yaya Sabiru ta miƙe ta fara. Gidan babba ne, mata sun cika shi, muryarta ba ta kai tsakiya ba. Aka fara surutu, wata daga baya ta ce a ba Hasana mana. Iya ta ce kin dubi Umma, kin dubi taron, sai kika karɓe waƙar a baiti na uku, tun ba ta sauke shi ba. Gida ya ɗauka, aka yi ta guɗa. Umma ta koma amshi, ta yi shi har ƙarshe ba kuskure ko ɗaya. Da aka gama ta ɗauke ƙwaryar, ta zubar da ruwan daron a gindin katanga, ba ta ƙara zuwa taro ba. Iya ta ce kin yi shekara guda kina zuwa gidanmu, a gaisa, a yi maganar komai ban da wannan, har Baba Munzali ya tashi da ke zuwa Agadas. Na tambaye ta wa ke da laifi. Ta ce ita ta rantse ceton 'yar'uwarki kika yi niyya, ta kuma rantse da ita aka yi wa haka da ba ta yafe ba, in je in haɗa biyun da kaina tunda ni ce 'yar boko.

Ban iya haɗawa ba, Inna, kuma ba don in yi muku shari'a na rubuto ba, ni wace ce. Na rubuto ne don Umma ba ta da lafiya. Shekara biyu ke nan maƙoƙo ya fito mata, da farko kamar ƙwan zabo, tana rufe shi da mayafi. Yanzu ya girma, yana danne mata numfashi in ta kwanta, haɗiya ma da ƙyar. An kai ta asibiti a Kano, an sa ranar aiki mako biyu kafin azumi. Likitan ya ce in Allah ya so za ta tashi lafiya, amma ya faɗa wa Baba a gabana cewa wurin yana kusa da jijiyar murya. Wasu muryarsu takan dawo, wasu ta dishe, wasu sai raɗa har ƙarshen rai. Umma ta ce ita ba zabiya ba ce, me za ta yi da murya. Amma tun ranar sunan nan waƙar jira ba ta bar bakinta ba. Da sai a yi wata ba mu ji ta ba, yanzu kullum ce, kuma ta daina duba ko akwai kowa kusa.

A nan ne na yi abin da nake neman gafarar Allah a kansa. Na ɗauki rikodar da Yaya Sabiru yake sauraren tafsiri da ita, na sa sabon kaset, na ɓoye ta bayan buhun gero kusa da inda Umma take zama da hantsi. Kwana uku ina ɗauka ba ta sani ba. Da na saurara sai na ɗauko agogona, na yi yadda aka koya mana a ɗakin gwaji, na auna kowane shiru na rubuta a bayan littafina. Na farko sakan bakwai, na biyu bakwai, na uku goma sha ɗaya, na huɗu biyar, haka har shiru na goma sha biyu. Na kwana na biyu ma haka. Na kwana na uku ma haka, ba wanda ya kauce da fiye da sakan guda. A cikin shirun ana jin kaji, ana jin turmin gidan su Zubaida, ana kuma jin Umma tana jan numfashi a hankali tana jira. Na kashe rikodar na zauna. Ashe ba shiru take yi ba, saurarenki take yi, baiti bayan baiti, da tsawonsa. An koya mana sauti ba ya tafiya sai da iska, kuma ba ya nisa. Ban san ta inda naki yake zuwa daga Agadas ba.

Na nemi baitocin ban samu ba. Iya Shatu ta ce sau ɗaya tak aka yi waƙar a duniya, kiɗan kawai hannunta ya riƙe. Na yi ƙarfin hali na tambayi Baba, ban ambaci suna ba, ko akwai laifi mace ta yi waƙa a ɗakinta don 'yar'uwarta ta ji. Ya ce in babu batsa kuma ba a gaban maza ba, shi bai san laifinsa ba. Can ya ce shi ya je Babban Mutum da keke ya ɗauko Umma a ranar bikin nan, tun daga can har gida ba ta ce masa uffan ba, shi ma bai tambaya ba, kuma yanzu yana ganin da ya tambaya. Ya ce Malam Dabo mai fataucin dabbobi ya san gidanku, ranar Litinin bayan kasuwar Mai'aduwa zai bi ta kan iyakar Kongolam. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

To ga roƙona, Inna. Cikin ƙunshin nan akwai kaset biyu. Wanda na rubuta sunanki a kai shi ne na Umma, ɗayan babu komai a ciki. Idan za a samu rikoda biyu, ki kunna na Umma a ɗaya, ki ba da waƙar a wuraren da ta bar miki, ɗayar kuma tana ɗauka. Ba sai da ƙwarya ba. Malam Dabo ya ce zai dawo cikin mako huɗu, ke nan zai iso kafin ranar aikin. Ina so Umma ta ji waƙarta cikakkiya sau ɗaya, da muryarta a ciki, tun tana da ita. Ban ce ki zo ba, na san hanya da nisa, na san kuma ban isa ba. Idan kin manta baitocin, ko zuciyarki ba ta so, ki maido kaset ɗin yadda yake, ba wanda zai ji.

Na so in rufe takardar a nan, amma jiya wani abu ya faru, dole in ƙara. Umma ta buɗe akwatina na makaranta za ta sa mini yaji da ƙuli-ƙuli, ta ga kaset ɗin da sunanki a jiki. Ba ta iya boko sosai ba, amma wannan sunan ta san shi. Bayan la'asar ta kira ni ɗaki. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da buhun gero da agogo, ina kuka. Ta daɗe tana juya kaset ɗin a hannunta, na ɗauka za ta zare zarensa. Sai ta ajiye shi kan tabarma ta tura mini. Ta ce tunda na riga na yi rashin kunyata, in faɗa miki kina da garajen shigowa tun mutum bai sauke ba, musamman a na uku. Ta ce wannan karon ki jira, ki bar ta ta kai ƙarshe. Daga nan ta tambaye ni ko na wanke shinkafa. Ba ta ce in gaishe ki ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma wannan saƙon nata ne, kuma ta maimaita shi sau biyu don kada in rage.

Baba yana gaishe ki, yana gaida Baba Munzali. Yaya Sabiru ya ce a gaida Innarsa, ya ce an ce masa kin sha goya shi. Yasmin tana gaida Nana da Anwar, tana tambaya ko gaskiya ne raƙuma suna shiga har cikin gari a wajenku. Iya Shatu ta ce in faɗa miki haƙoranta sun zube amma hannunta yana nan, kuma ki ji kunya, shekara goma sha tara ko goro. Ku sa Umma a addu'a, Allah ya sa a yi aikin a sa'a.

Idan na faɗi abin da bai kamaci yarinya ba, ki yafe mini, rashin sani ne. Abu ɗaya ya rage, Inna. Bayan an yi aikin, ko muryar ta dawo ko ba ta dawo ba, zan so in sanar da ke da hannuna, don kada ki ji a bakin fatake. Ina neman izininki in sake rubuto miki. Idan ba ki so, ki faɗa wa Malam Dabo da baki, ba zan ƙara ba. Idan kin yarda, ko ba ki ce komai ba, in na ji muryarki a kaset zan gane.

Wassalam.

'Yarki,
Fadila.